Musayar waƙa: laifin jarumi ne ko na mai alƙalami?

'Yar Kurmi: Salamu alaikum. Na soki wani littafin soyayya, aka ce na ci mutuncin mai shi. Ku raba mana gardama.

Na karanta wani labari,
Miji ya kai wa mata mari,
Ya ba ta leshi mai tsari,
Aka ce so ne ke ƙaruwa.

Na ce zalunci ne a rubuce,
Ba ƙaunar da ta dace ba ce,
Sai ga masoya a fusace,
Wai marubuciyar nake kushewa.

Baba Na-Zage:

'Yata, ki taka a hankali,
Mun ga irin wannan a fili,
Suka kan fara da dalili,
Ta zarce gun cin zarafin kowa.

A 2007 a Kano,
An tara littattafan so,
Gwamna Shekarau ya zo,
Aka cinna wuta suna ƙonewa.

Aka ce matan da ke rubutu
Ba tarbiyya, ba karatu,
Mazansu na ta shan surutu,
Wasu har suna suke sakayawa.

Ɗan Fagge:

Ni dai, Baba, sirrin zuciya
Alƙalami ne ke tonawa.

Maman Ikram: Ƙanena, ni marubuciya ce. Ka nemi littafin *Alhaki Kuykuyo Ne* na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

A 1990 Balaraba
Ta zana Alhaji Abdu, uba
Da ya kori Rabi, bai duba ba
'Ya'ya tara da ke tasowa.

In ka tsine wa Alhaji,
Ka ce ba haka ake miji,
To saƙon Hajiya ka ji,
Ita ma shi take nunawa.

'Yar Kurmi:

Anti, can an nuna illa,
Alhaki ya bi shi dalla-dalla,
Nan mai sa mace zub da ƙwalla
Shi ne gwarzon da ake yabawa.

Ƙanwata 'yar sakandare
A waya take bi cikin dare,
Ta ce kishi ke sa a mare,
Wa zan tambaya in ba mai tsarawa?

Maman Ikram:

Tambaye mu, haƙƙinki ne,
Ki ce babin nan gurgu ne,
Ki ce jarumin azzalumi ne,
Zan zauna in sake dubawa.

Amma kar ki tono aurena,
Ko sau nawa na bar ɗakina,
Ko ki kai ƙara gun mijina,
An yi mini bara, ba na mancewa.