Ana neman kalmar Hausa: allon da ake dasa kayan lantarki a kansa, da aikin narka masa dalma

Malamin Fasaha:
Assalamu alaikum. Ina koyar da aikin lantarki a wata makarantar fasaha a nan Sakkwato, kuma ranar Asabar ɗalibaina za su fara harhaɗa wata 'yar kwamfuta irin ta da, wadda ke aiki da ƙwaƙwalwar Z80 da kamfanin Zilog ya fitar a 1976, ƙwaƙwalwar da kuma ke cikin kwamfutar ZX Spectrum da aka yi a Birtaniya a 1982. Na zaɓe ta ne saboda ƙafafunta 40 manya ne kuma akwai tazara a tsakaninsu, yaro zai ga kowace da idonsa ya san aikinta. Takardar bayani da Hausa nake rubutawa, kuma dole in kai wa mai bugawa ranar Alhamis. Kalmomi biyu suka tsayar da ni. Ta farko ita ce sunan koren fallen nan na zaren gilashi, mai siraran hanyoyi na jan ƙarfe da ƙananan huji inda ake zura ƙafafun kaya, wanda Turawa ke kira sakit bod. Ta biyu ita ce aikin narka dalma a gindin kowace ƙafa domin ta kama hanyar, wato soldarin. Ina neman taimakon masana.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina gyaran rediyo da talabijin a gefen Tsohuwar Kasuwa, kuma tun ina yaron shago fanel muke cewa, aikin kuwa mu ce an yi masa soda. Duk ɗalibin da ka tura kasuwa ya sayo kaya, idan bai ce fanel ba, zai dawo hannu rabbana.

Tsohon Mafassari:
Malam, kada ka yarda fanel ta shiga takardar da yara za su karanta. Bahaushe ya riga ya san fanel bita, mai bugun jikin mota, saboda haka kalmar za ta kai tunanin yaro gareji. Na kuma ga wasu suna rubuta allon da'ira, wanda ba shi da ma'ana, domin da'ira siffa ce ta zagaye, allon nan kuwa mai kusurwa huɗu ne. Masu cewa allon kewaye su tuna inda ake nufi idan baƙo ya ce a nuna masa kewaye. Ni tun ina aikin fassarar labarai na ƙirƙiri kalmar da ta dace, wato allon zayyana. Duk wanda ya ga allon da ake yi wa ɗalibi zayyana ranar saukar Alƙur'ani, layuka sirara suna bin juna suna karyewa a kusurwa ba tare da sun taɓa juna ba, sa'annan ya juya bayan wannan koren abu, zai ga kamar hannu ɗaya ya zana su.

Ɗan Maƙera:
A kan allo ba ni da ta cewa, amma a kan kalma ta biyu gidanmu na da magana, domin a Maƙera Assada na tashi. Kada a ce walda. A walda ƙarafan biyu ne suke narkewa su zama ɗaya, a nan kuwa jan ƙarfen ba ya ko motsi, tunda sai zafi ya haura digiri 1000 yake narkewa, alhali gaurayen kuza da dalma da kuke amfani da shi, kashi 60 da kashi 40, ya gama zama ruwa kafin digiri 190. Wannan liƙi ne, irin wanda masu liƙin bokiti da buta suke yi. Akwai kuma abin da ake shafawa domin ya cinye dattin ƙarfe dalma ta kwanta, shi ne iyayenmu ke kira sinadari, tun kafin kalmar ta koma ta miya da sabulu.

Ɗalibar Hausa:
Liƙi ya zauna mini, Baba, sai dai a haɗa shi da sunan abin da ake liƙin da shi, domin liƙi kaɗai zai iya zama na gam ko na facin taya. Game da allon zayyana kuwa, Allah gafarta Malam, ina da ja iri biyu. Zayyana ado ce, ba ta ɗaukar komai daga nan zuwa can, alhali hanyoyin jan ƙarfen aikinsu ke nan, su kai wuta da saƙo daga ƙafa zuwa ƙafa. Na biyu, allon zayyana abu ne da ake girmamawa, ba zan so in ji ana cewa allon zayyana ya ƙone a jefar da shi ba. Sa'annan idan aro ne laifin fanel, shi kansa allo daga Larabci muka aro shi, lantarki kuma daga Turanci. Wata 'yar tambaya: dalma za a rubuta ko darma? Na ga duka biyun a rubuce.

Tsohon Mafassari:
'Yata, wannan tambaya taki ita ce ciwon da ke damunmu. Mutum yana zaune a Sakkwato, takarda za a ba 'ya'yan Sakkwato, amma sai ya waiwaya gabas ya ga yadda Kano ke faɗi kafin ya ɗora alƙalami. Mun ce halshe an ce mana harshe ne daidai, mun yi shiru. A garin nan Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Hausa cikin ajami, ta kuma rasu a 1864, shekara 75 kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Saboda haka ba mu ne za a koya wa ƙirƙirar kalma ba, kuma da a ce wani malamin jami'a ne daga can ya kawo allon zayyana, da tuni an tafa masa.

Ɗalibar Hausa:
Allah ya huci zuciyar Malam, ban ambaci Kano ba. Ni ma 'yar garin nan ce, a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nake karatu. Dalma ɗin ma ita ce ta fi yawa a kunnen jama'a, musamman tun 2010 da aka yi ta maganar gubar dalma a Zamfara a gidajen rediyo, saboda haka a nan babu gardama. Abin da na ce a kan zayyana bai shafi daga bakin wa ta fito ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Malam Mafassari, da girmamawa, ku kuna ƙirƙira a takarda, mu muna kan benci da ƙarfe mai zafi a hannu. Kalmar da ba za ta sayo kaya a kasuwa ba, ado ce ita ma.

Tsohon Mafassari:
Da wannan hujja taka, sai mu rufe sashen Hausa na jami'a mu miƙa wa 'yan kasuwa ƙamus.

Malamin Fasaha:
Iyayena, ina roƙon a dawo kan takarda. Daren jiya na harhaɗa guda ɗaya domin in gwada kafin yara su taɓa. Na bi ƙa'ida, na fara da gajerun kaya, na bi da gidajen da ake zaunar da ƙwaƙwalwa a ciki, ban saka Z80 ɗin ba tukuna. Da na ɗora mita tsakanin hanyar wuta da ta ƙasa, wato wadda wutar ke komawa ta kanta, sai ta yi ƙara, alamar sun haɗe. Na fi rabin awa ina dubawa da tocila kafin in ga wani ɗigon dalma da bai kai ƙwayar gero ba ya tsallaka tsakanin ƙafafu biyu. Da na zuƙe shi na ba da wuta, mita ta nuna bolt 5 daidai tsakanin huji na 11 da na 29, inda Z80 ke shan wuta, sa'annan na zaunar da ita. A nan na gane abin da nake buƙata: jimlar da yaro zai karanta ya san abin da zai duba. Na gwada "duba zayyanar ko ta haɗe", sai na ji ba ta gaya masa komai. Na gwada "duba hanyoyin wuta ko dalma ta tsallaka", sai na ji ko ni na fahimta. Saboda haka zan rubuta allon hanyoyin wuta, in bayyana a layin farko cewa shi ne masu gyara ke kira fanel, aikin kuma liƙin dalma.

Ɗalibar Hausa:
Ya yi tsawo, Malam, amma ba ya ruɗarwa, kuma ya fi allon kwamfuta da mutane suka riga suka ba fuskar da ake kallo. Sai dai akwai wayar liƙi ta zamani da babu dalma a cikinta, kusan duka kuza ce, kuma tana buƙatar zafi kusan digiri 220. Ranar da ɗalibanka suka koma kanta, sunan liƙin dalma zai zama ƙarya.

Ɗan Maƙera:
Ba zai zama ƙarya ba, 'yata, ai har yau kwabo muke cewa alhali babu mai kashe shi. Sinadarin nan dai, Malam, ka saka shi ko da sau ɗaya ne. Kuma ka rubuta musu su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci, tunda da mai dalmar za su yi aiki.

Mai Gyaran Rediyo:
Ƙara musu da cewa yanzu hunturu ne, iska ta bushe, jiki yana tara wutar nan da ke tsikarar mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma tana iya kashe ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba. Su riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin su ɗauke ta, kada kuma su riƙe ta ta ƙafafu. Amma ina tabbatar maka, kafin azahar ɗin Asabar duk fanel za su riƙa cewa.

Tsohon Mafassari:
Liƙin dalma na karɓa, domin daga maƙera ya fito. Allon hanyoyin wuta kuwa bayani ne, ba suna ba ne, kuma kalma uku ba ta daɗewa a bakin Bahaushe. Tunda Alhamis ta matso, ka buga abinka, Malam, amma idan za a sake bugu na biyu ina so a dawo da maganar, kuma ni a rubutuna allon zayyana zan ci gaba da cewa.

Malamin Fasaha:
Na gode ƙwarai. Sinadari ban yanke ba tukuna, domin ina tsoron yara su ɗauka kowane irin magani ake nufi. Na bar gurbinsa a shafi na biyu, zan cike shi da biro idan an samu matsaya kafin Asabar.