Wane littafi za mu karanta wanda ba ƙagaggen labari ba?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa. Muna da ƙungiyar karatu mu 9, duk Asabar muke haɗuwa, to mun gaji da littattafan soyayya wallahi, muna son abin da ya faru da gaske, amma kar ya yi kauri don yawancinmu ma'aikata ne ga yara. Don Allah a ba mu shawara.

Ɗan Zazzau: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ku nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin tafiyarsa Ingila ne a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma har da Azikiwe. Ba shi da yawa kuma Hausarsa kamar yana ba ki labari a zaure.

Malama: Ni Tarihin Fulani na Waziri Junaidu na so in ce, sai dai sunaye sun yi yawa a ciki, mu da muka gwada rabinmu sun gudu tun sati na biyu kuma abin ya dame ni sosai. Ku fara da na Imam ɗin. Amma ki tabbatar an samu kwafi da zai ishe ku tukuna.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, gobe in sha Allahu zan leƙa kantin littattafai.