Gabana na faɗuwa haka kawai, har na fara tsoron shiga kasuwa. Wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka mini da shawara.

Ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi muke sayarwa. Tun bayan ƙaramar sallah wani abu yake samuna. Ina zaune lafiya lau, ko ina tsaka da auna wa mutum yadi, sai in ji gabana ya yanke ya faɗi, zuciya ta kama dukan uku-uku, gumi ya karyo mini, numfashi ya ƙi kaiwa ƙirji. Yatsuna su ɗauki zugi, jiri ya kwashe ni, in ji a raina cewa yau kam tafiya ce. Har kalmar shahada nake yi. Bayan kamar kwata sai ya sake ni, ya bar ni da kasalar da zan wuni ban tsinana komai ba.

Na je asibiti. An auna hawan jini, an yi mini ECG, wato gwajin bugun zuciya, an duba maleriya da taifot, likita ya ce zuciyata ƙalau take, in rage tunani. A gida Hajiya ta ce iska ce, an yi mini ruƙiyya, kullum da magariba ana yi mini hayaƙi.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda na koma. Na daina bin layukan da ke da cunkoso. In na hango motoci sun cushe a Kofar Mata sai in sauka daga adaidaita in taka. Ranar Juma'a a sahun waje na ƙarshe nake tsayawa, don in samu hanyar ficewa in abin ya taso. In Yaya ya aike ni banki sai in tura yaro. Lissafi ya fara kuɓuce mini, shi kuma ya fara ganin kamar lalaci ne. Barci ba ya zuwa sai wajen ƙarfe biyu.

Shin akwai abin da zan iya yi da kaina? Kuma ku gaya mini gaskiya, taɓin hankali ne yake farawa?

Maman Iman:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu, Allah Ya ba ka lafiya. Ina karantawa ina jin kamar labarina ne, domin bayan haihuwata ta biyu haka na yi ta fama, ni a kicin ma yake kama ni. Ba taɓin hankali ba ne, ga ni nan yau ina harkokina. Abin da ya fara sauƙaƙa mini shi ne na gaya wa maigidana komai dalla-dalla, domin ɓoyewar kanta wani nauyi ce. Ka zaunar da yayanka ka faɗa masa. Wanda bai sani ba dole ya ce lalaci ne.

Ma'aikacin Jinya:

Ɗan'uwa sannu. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa. Ba zan iya yanke maka hukunci ta waya ba, amma duk abin da ka lissafa ya yi daidai da firgicin da ke zuwa farat ɗaya, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa fanik atak. Muna ganinsa sosai, a maza da mata, kodayake ya fi yawa a mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwukan fargaba iri-iri.

Ga abin da ke faruwa a jikinka. Allah Ya halicci ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana: in ka ga maciji ko gobara, jiki na sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu don tura jini ƙafafu, numfashi ya ƙaru, gumi ya fito. A wajenka shirin ne ke tashi babu maciji babu gobara, kamar ƙararrawar mota da akuya ta goga jikinta ta hau kuka alhali ba ɓarawo. Zugin yatsu da jirin kuwa daga numfashin suke. In mutum na haki da sauri yana fitar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jini su ɗan tsuke, sai ya ji hannu da leɓe na zugi, kai ya yi fayau. Kai kuma kana jin haka sai ka ce mutuwa ce, tsoro ya ƙaru, adiranalin ya ƙaru. Yawanci abin na kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti goma, daga nan ya fara sauka da kansa. Shi firgicin ba ya tsayar da zuciya, ba ya kuma juyewa ya zama hauka.

In ya taso, kada ka yi ta zuƙar iska da ƙarfi, wannan ne ke ƙara rura shi. Ka ɗora hannu a ciki, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar ta baki a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ita ce maganin, ta fi shaƙar tsawo. Ka riƙa gwada wannan lokacin da kake lafiya, misali minti biyar bayan kowace sallah, domin abin da ba a saba da shi ba ba ya zuwa a lokacin ruɗu. Sannan ka ba idonka aiki: ka dubi atamfofin da ke gabanka ka riƙa faɗin launinsu ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa shadda ka ji santsinta, ka danna ƙafarka a ƙasa.

Amma inda nake so ka fi ba ni hankalinka shi ne maganar sahun ƙarshe da sauka daga adaidaita. Wallahi wannan ya fi damuna a kan bugun zuciyar. Duk ranar da ka gudu daga wuri ka ji sanyi, ƙwaƙwalwarka na rubuta cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron wurin ya ninka. Haka nake ganin mutane suna takurewa: yau kasuwa, gobe masallaci, jibi ba sa iya wuce ƙofar gida. Na ga magidanta da sana'arsu ta durƙushe ta wannan hanyar, alhali gwajinsu duka lafiya lau.

Hanyar fita ita ce komawa wuraren da kaɗan-kaɗan. Ka samu takarda ka jera abubuwan da ka daina yi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka fara da mafi sauƙin. Ka shiga layin da ke da ɗan cunkoso da hantsi kafin kasuwa ta cika, ka tsaya har gaban ya faɗi ya kuma lafa kana nan ba ka motsa ba. Ka maimaita gobe da jibi har ya zama ba komai, sannan ka hau na gaba. A masallaci ka matsa sahu ɗaya ciki wannan Juma'ar, ka ƙara ɗaya mai zuwa. Za ka ji tsoro, kada ka jira sai ya tafi kafin ka fara. Abin da ake so jikinka ya koya shi ne abin ya zo, ka zauna, ya wuce, ba abin da ya same ka.

Ka koma asibiti a duba maka tayirod, wato ƙululun wuyan nan da ke kawo maƙoƙo, da ƙarancin jini da sukari, domin su ma suna kawo bugun zuciya. In kuma ka taɓa jin ciwon ƙirji lokacin ɗaukar kaya ko hawa bene, ko ciwon ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, ko ka suma, wannan ba na zama ana ƙirga numfashi ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Abu Hafsa:

Malam Ɗan Kwari, Allah Ya yaye. Kada ka bar azkar na safe da yamma, da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da Annabi (SAW) ya koyar. Kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali, ka haɗa biyun. Sai dai ka lallaɓa Hajiya a rage hayaƙin nan, mutumin da numfashi ke yi wa wuya bai kamata a turnuƙe shi a ɗaki ba.

Tambaya ɗaya: goro nawa kake ci a wuni, kuma me kake sha da safe? Na san 'yan kasuwarmu.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Maman Iman, in sha Allahu yau da daddare zan yi wa Yaya bayani. Malam Abu Hafsa, shayi nake sha da Nescafé da safe, da rana goro, in la'asar ta yi na ji kasala sai in sha lemon ƙara kuzari. Da dare kuma muna dafa shayin Buzaye a majalisa.

Malam ma'aikacin jinya, wani abokina ya ce in sayi D5 a kemis, wai yana kwantar da gaba nan take. In saya?

Ma'aikacin Jinya:

A'a ɗan'uwa, kada ka saya. D5 diazepam ne. Gaskiya yana kwantarwa, amma in aka ɗauki makonni ana sha jiki na sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da ka daina kuma fargabar ta dawo fiye da da. Zai kuma lalata maka aikin komawa wuraren nan, domin za ka ce ƙwayar ce ta tsare ka. In ana buƙatar magani, likita na da wasu irin sertraline ko fluoxetine da ake sha kullum, suna ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya.

Abin da ka lissafa wa Malam Abu Hafsa kuwa, dukansu huɗun sinadari ɗaya ne a ciki, kafeyin, kuma shi kaɗai ya isa ya sa zuciya gudu ya hana barci. Ka fara ajiye lemon kuzarin da shayin dare, sauran ka rage a hankali cikin mako biyu, don in ka yanke gaba ɗaya ciwon kai zai dame ka. Ka karya da abinci kafin ka fito, ka yi tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba, ka ajiye waya in ka kwanta. Lissafin shago ka mayar da shi safiya, ka rubuta kowane bashi a littafi nan take maimakon riƙewa a ka. In barci ya daidaita za ka ga kuskuren ya ragu.

In ka yi wata guda kana wannan abin bai sassauta ba, ko ka fara jin rayuwar ta fice maka a rai, kada ka jira. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Masu karantawa daga wasu jihohi, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ka tambayi ko suna da masanin halayyar ɗan Adam mai yin CBT, zama ne na tattaunawa da atisaye irin wanda na zayyana maka, shi ne aka fi tabbatar da amfaninsa a kan wannan ciwo. Ka tafi da takardar ECG ɗinka da jerin nan da ka rubuta.