Zankon kazata ya yi baƙi bayan daren sanyi, don Allah ku agaza min

Maman Ilham, Minnesota, Amurka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kiwon kaji a ƙasashen sanyi ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Kaji shida gare ni a bayan gida, tun suna 'yan tsaki na ɗauko su a watan Afrilu, wannan ne sanyinsu na farko. Daren Talata sanyi ya kai digiri 26 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Da na ga hasashen yanayi sai na yi abin da na taso na ga Innarmu tana yi a Funtuwa in hunturu ya kama: na bi akurkin na toshe kowace kafa da leda da tsumma, har 'yar tagar sama, na ajiye musu ruwan ɗumi a faffaɗan kwano, na ja ƙofa.

Da safe na tarar bangon ciki ya yi fari da ƙanƙara. Farar kazata, irin Leghorn, wadda ta fi duka yin ƙwai, tsinin zankonta ya koɗe, jiya ya koma ruwan toka, yau ya fara baƙi. Wata ja kuma tana ɗage ƙafa, yatsu biyu sun kumbura. Suna ci suna sha, ba wadda ta mutu. Maigida ya ce in shafa Vaseline in kunna musu fitilar zafi, ni kuma ina tunanin ko in yanke baƙin wurin kada ya ci gaba. Me zan yi?

Hajiya Maman Nasiru, Kano:
Sannu 'yata, Allah ya sawwaƙe. Anya ba ƙurajen nan ba ne da ke feso musu a zanko su yi baƙin ɓawo? Nawa sun yi da daminar bara. Ki ware ta daga sauran. In sanyi ne kuma, mu nan kaskon gawayi muke sa wa 'yan tsaki.

Baban Khalifa, Winnipeg, Kanada:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki ta warewa daidai ce. Sai dai ƙurajen da kike nufi sauro ne ya fi yaɗa su, kuma babu sauron da ke tashi a Minnesota a watan Janairu. Gawayi kuwa a rufaffen akurkin katako, in hayaƙi bai kashe su ba gobara za ta tashi.

Maman Ilham, kada ki yanke komai. Ƙunar sanyi ce. Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ni ma haka na yi a shekarata ta farko har zakarana ya rasa rabin zanko: toshewar nan ita ta jawo. Sanyinmu na gida busasshe ne, iyakarsa faso da tsagewar leɓe, shi ya sa dabarar Inna take aiki a Funtuwa. Nan kuwa danshi ne abokin gaba. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, in ta hura gashinta ta lafe, sanyi mai yawa take jurewa. Amma numfashinta tururi ne, kashinta ma yawancinsa ruwa ne. Kaji shida a ɗakin da babu mafita, ga kwanon ruwan ɗumi, duk tururin nan sai ya sauka a kan zanko da yatsu ya daskare. Farin da kika gani a bango numfashinsu ne na daren.

Yau ki buɗe tagar sama ki bar ta haka har damina. Kafar da ke daidai inda suke kwana ita kaɗai za ki toshe, don kada iska ta riƙa bugunsu. Ki kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ki zuba busasshiyar dusar katako mai kauri, ki fitar da kwanon ruwa da daddare, ai ba sa sha cikin duhu. Sannan ki duba sandar da suke hawa. In siririya ce ko ta ƙarfe, ki canza da katako mai faɗin kamar santimita 9, yadda za su zauna a kan yatsunsu gashin ciki ya rufe.

Fitilar zafi ban yarda da ita ba. Ƙura da gashi da dusar katako, ƙiris suke jira.

Maman Fadila, Shikago:
Yaya Baban Khalifa ya gama magana kan akurki, bari in ƙara kan jinya, na yi ta sau biyu. Ki shigo da biyun nan wuri mai ɗan ɗumi, kamar gareji ko ɗakin ƙasa, cikin kwali ko keji da tawul mai laushi, nesa da hita. Kada ki murza wurin, kada ki hura masa na'urar busar da gashi. Jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗumin jiki, kamar digiri 38 zuwa 40 na minti ashirin, yana amfani ne lokacin da naman yake a daskare. Naki ya kwana uku, ya riga ya saki. Babban abin tsoro yanzu shi ne ya sake daskarewa, don na biyu ya fi na farko ɓarna. Saboda haka kada ki mayar da su waje sai sun warke kuma sanyin ya sassauta.

In ƙafar ta yi bororo kada ki fasa. Baƙin tsinin nan ya mutu, ba zai dawo ba, amma shi ke kare naman da ke warkewa a ƙarƙashinsa, zai bushe ya faɗi da kansa nan da wasu makonni. Vaseline mutane suna saɓani a kansa ko a matsayin rigakafi, balle a kan ciwo, ni ba na shafawa. Abin yana musu zafi sosai, shi ya sa jar take ɗage ƙafa. Ki kai ta wurin likitan dabbobi ya ba ta maganin raɗaɗi, ki tambaye shi kwana nawa za ki daina cin ƙwanta. In kin ji wari, ko kin ga mugunya, ko kumburin yana hawa sama, kada ki kwana.

Abu ɗaya kuma, ƙanwata. Murar tsuntsaye ta yi ɓarna a jiharku a 2015 da 2022, ita ma tana sa zanko ya yi duhu. Amma ita duk zankon ne ke yin shuɗi, fuska ta kumbura, su daina ci, su riƙa mutuwa farat ɗaya. Naki suna ci suna sha, ban ga alamarta ba. In dai kin wayi gari kin ga gawa, ki sanar da hukumar lafiyar dabbobi ta jiha, kada yara su taɓa.

Baban Khalifa:
Na manta: Leghorn asalinta Italiya ce, zankonta babba ne, shi ya sa ita abin ya fara kamawa. In za ki ƙara kaji bana ki nemi masu ƙaramin zanko, kamar Wyandotte ko Buckeye, ko Chantecler da aka samar a Kubek musamman don sanyin Kanada.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri. Wallahi na yi kuka da na gane da hannuna na rufe su cikin danshin nan, ina ganin gata nake musu. Na cire ledar, tagar sama a buɗe take, na canza shimfiɗa, kuma sandar ashe bututun ƙarfe ne, maigida ya fita sayen katako. Biyun suna gareji, farar ta cinye dafaffen ƙwai da na marmasa mata. Anti Maman Fadila, likitan ya ba mu ƙarfe goma na safiyar gobe. Hajiya, na gode da addu'a, a gaida mutanen gida.