Musayar waƙa: sara-suka laifi ne ko cuta?

Mai_Tawada:
Salama alaikum jama'a, yau dai na jefa baiti, wanda ya ji zai iya bismilla.

Sara da suka ciwo ne mai yaɗuwa,
Wanda aka sara yau, gobe sai ramuwa,
Ƙanensa na kallo, shi ma yana kamuwa,
Tun 1996 taron Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya yi sanarwa,
Tashin hankali batun lafiyar jama'a ne kuwa.

Dattijo:
Haba ɗana, wannan wace irin magana,
Mai zazzaɓi bai zaɓi ciwonsa ba, ka tuna,
Mai wuƙa shi ya wasa abarsa da rana,
Majinyacin me? A kai shi kurkuku ya kwana.

'Yar_Nas:
Baba ba a ce a saki mai laifi ba,
So ake a tare tun jinin bai zuba ba,
Slutkin likita ne da bai tsaya asibiti ba,
Ya yaƙi kwalara a Somaliya bai gaji ba,
A 2000 a Shikago ta Amurka ya ɗauko tubabbun 'yan daba,
Su je gun 'yan uwan wanda aka harba tun ba su rama ba.

Mai_Tawada:
Wallahi anti kin gama magana, kuma akwai tsarin birnin Kadif a Birtaniya, wani likitan tiyata Jonathan Shepherd ya lura da yawan waɗanda yake ɗinkewa ko ofishin 'yan sanda ba sa zuwa, sai asibiti ya fara ba hukuma bayanin wuri da lokaci da makami ba tare da sunan kowa ba.

A san lungun da ake yawan sarewa,
A san daren da faɗa ke ɓarkewa,
Sai a kai tsaro can tun kafin a yi ɗinkewa.

Dattijo:
To na ji 'yata, amma ina 'yan sanda a ciki?
Ko an sallame su ne sun bar aiki?

'Yar_Nas:
Baba a Gilasgo ta Birtaniya su da kansu suka fara,
A 2005 suka ga kamu kaɗai bai hana sara,
Suka jawo likitoci da malaman yara.

Dattijo:
Madalla, saura tambaya ɗaya ta kuɗi,
Tubabben da ke rabon faɗa har asubahi,
In tallafi ya yanke wa zai biya shi albashi?
Mai_Tawada amsa min, kuma kar ka ce gwamnati.