Ranar da aka ƙona majami'u a Yamai: yaya kuka yi da tsoro?

Tela daga Bukoki

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Matasanmu da yawa yara ne a 2015, labarin kawai suke ji. Ina roƙon duk wanda yake Yamai ranar Asabar 17 ga Janairu ya faɗa mana abin da ya same shi, da yadda ya yi da tsoro. Ba don a fama tsohon miki ba, sai don yaran nan su san Allahn da ya riƙe mu.

Tun daren Juma'a muka ji labarin tarzomar da aka yi a Damagaram bayan an sauko daga masallaci, saboda zanen Annabi Muhammadu da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Muka ce ai Damagaram da nisa. Da hantsi ina kan keke ina ɗinki sai na hangi baƙin hayaƙi, ga ƙarar barkonon tsohuwa. Na tashi rufe shago, hannuna na rawa har kwado ya ƙi shiga. Mai ɗakina tana kasuwa da goyo. Ishaya 41:10 ce ta zo bakina, kada ka ji tsoro gama ina tare da kai. Ina ta maimaita ta a hanya, cikina bai daina kaɗawa ba, amma ƙafafuna sun kai ni kasuwar, na dawo da su gida.

Inna Talaje

Sannu ɗana da wannan tunani. Mu a cikin harabar majami'a muke zaune lokacin. Fasto ya kira ya ce kowa ya fita, kada wanda ya tsaya tare ƙofa, kada wanda ya ɗaga sanda. Babban ɗana ya riga ya ɗauko taɓarya. Gaskiya taron da ke tafe bai ba ni tsoro kamar yaron nan ba, don na san in ya daki ɗan wani, gawarsa za a kawo mani. Na riƙe rigarsa na ce, Yesu ya ce wa Bitrus ya mayar da takobi kube, kai ka fi Bitrus ne? Ya yar da ita yana kuka.

Hajiya maƙwabciyata ce ta buɗe mana ƙofar baya. Ta sa wa 'yan matana hijabi, ta shigar da mu ƙuryar ɗakinta, Alhaji kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da carbinsa har yamma. Muna jin kwanon majami'a yana faɗuwa. A ɗakin Hajiya na durƙusa na yi addu'a, ita ma tana tata a gefe. Duk mai ba da labarin ranar ya tsallake irin su Hajiya, bai faɗi gaskiya duka ba.

Ɗan Galmi

Ni gudu na yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da gari ya ɗan lafa na sa iyalina a mota, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sai gida. Da na komo wani ɗan'uwa ya ce mani bangaskiyata ce ƙarama. Maganar ta daɗe tana cina. Amma a Matta 10:23 Ubangiji da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani. Yusufu ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar, Bulus kuma a cikin kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu. Inda aka gwada ni shi ne komowa. Tsoffina sun ce in zauna in yi noman albasa, Yamai ta isa haka. Na yi addu'a, zuciyata ba ta ba ni in bar ajin yaran da nake koya wa ranar Lahadi ba, sai na komo.

Dattijon ekilisiya, Harobanda

Ɗana na Galmi, ba ka yi laifi ba, wanda ya faɗa maka haka bai yi maka adalci ba.

Hukuma ta ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai, mutum 5 suka mutu a nan, 5 a Damagaram, aka yi makokin kwana 3. Shugaba Mahamadou Issoufou ya fito ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba. Mu kuwa tambayar da ke gabanmu daren Asabar ita ce: gobe Lahadi, za a taru ko ba za a taru ba? Dattawa muka ce ba za a tilasta wa kowa ba. Ni ban runtsa ba. Da safe na tafi da sanyin hunturun nan, ina waiwaye a kowace kwana. Mu kaɗan ne. Benci duk ya zama gawayi, toka da sauran ɗumi, a tsaye muka yi sujada. Aka karanta Daniyel 3, inda samarin nan uku suka ce wa sarki Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan "ko bai cece mu ba" ita ce ta tsayar da ni, don ba wanda ya yi mana alkawarin ba za su dawo ba.

Abin da ya fi wannan wuya daga baya ya zo. Na gane wani yaro cikin waɗanda suka kwashe kayanmu, ɗan unguwa ne, a gabana aka yi sunansa. In na hango shi sai in sake hanya, ina ce wa kaina haƙuri nake yi, alhali tsoro ne haɗe da ɗaci. Umarnin mu ƙaunaci maƙiyanmu kuma bai bar ni na huta ba. Wata rana na tsaya na miƙa masa hannu, na tambaye shi lafiyar babansa. Ya sunkuyar da kai, ya amsa da ƙyar. Bai taɓa neman gafara ba har yau, amma muna gaisawa.

Malamar lakkwal, Yantala

Baba, na gode. Ni nawa bai wuce ba. Warin tayar da aka ƙona kawai zan ji, gabana ya faɗi. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi barazanar kawo sojoji, Najeriya kuma ta yanke wuta, komai ya dawo mani sabo, na kasa barci. Ina zuwa sujada, ina karanta Zabura 56:3, amma kusa da ƙofa nake zama kullum. Ku sa ni a addu'a.

Inna Talaje

Ɗiyata, ai mai zaburar ma cewa ya yi sa'ad da yake jin tsoro zai dogara, bai ce ba ya ji ba. Zauna kusa da ƙofar, mu ma da yawa can muke zama. Ki zo zumuntar mata ranar Laraba da la'asar, akwai wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da ta taimaki mata da dama kan wannan rashin barcin, zan haɗa ku.