Ana tsallake min gad cikin minti ɗaya, rashin ƙarfi ne ko mi?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu jujitsun Birazil a taimaka min da shawara. Wata biyar ke nan muna atisaye mu shida a wani shago da muka shimfiɗa katifar roba a nan Katsina, mai koya mana a waje ya koyo lokacin yana karatu, shuɗin bel gare shi, wato matakin da ke gaba da farin bel na sabbin shiga. Matsalata in na kwanta na sa mutum tsakanin ƙafafuna, wato gad, ko minti ɗaya ba na kaiwa sai ya ɓalle ƙafar ya tsallako ya danne min muƙamuƙi da kafaɗa, daga nan numfashi ya ɗauke hannuwa su mutu sai dai in bubbuga katifa in sallama. Abin da ya fi ci min rai wanda ke min haka kilo 62 ne, ni kuwa 78 nake, kuma na yi kokawa sosai a ƙauyenmu bayan kaka. Ƙarfe zan koma ɗagawa ko in sayi garin furotin ɗin nan da ake talla a Instagram? Wlh tsada gare shi.

Badauri:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da na ga ka ce kokawa sai na gane inda gizo ke saƙar don ni ma ta nan na biyo. A kokawarmu da bayanka ya taɓa ƙasa shi ke nan an kada ka, makaɗi ya juya kiɗa, jama'a sun yi ihu. Jikinka ya haddace haka tun kana yaro, shi ya sa da ka ji katifa a gadon bayanka zuciya take bugawa ka riƙe numfashi ka hau tura mutum da iya ƙarfinka kamar an danne ka a rijiya. A jujitsu kuwa kwanciyar nan ita ce farkon wasa. Nemi faɗan Royce Gracie da Dan Severn na 1994 a YouTube ka kalla, Severn ɗan kokawar Amurka ne ya haura kilo 110, Royce kusan 80, ya kwashe wajen minti 15 a ƙasa ana danne shi bai firgita ba, ƙarshe da ƙafafu ya shaƙe shi daga ƙasan. Ni abin da ya warkar da ni, na sa abokina ya danne ni minti biyu ba na yin komai sai shaƙar iska ta hanci ina fitarwa a hankali, kullum kafin a fara. Sati uku na daina jin tsoron nan.

Sabuwar Unguwa 04:
Maganar Yaya Badauri haka take, amma akwai gyara a hannu ma. Ka ce hannuwanka na mutuwa, to tura shi kake da tafi kana miƙe hannu, kuma miƙaƙƙen hannu shi ake kamawa a lanƙwasa gwiwar. Ƙashi ake tokarewa da shi ba nama ba, kamar yadda ake tokare ƙyaure da icce: sangalin hannu ɗaya a ƙasan wuyansa, ɗayan a ƙugunsa ko a damtsen da yake son kamo maka kai da shi. Kar ka bari ya rungumo kanka, in ya samu kai ya samu ƙugu ka gama yawo. Sannan kar ka kwanta shame-shame, ka kasance bisa gefe ɗaya kana fuskantarsa, gwiwar ƙafa da gwiwar hannu a haɗe ta yadda babu ƙofar shiga. Ya matso, ka dafa ƙafa ka zame ƙugu baya ka cusa gwiwa tsakaninku. Wannan zamewar ƙugun da ake sa mu yi daga wannan bango zuwa wancan mutane na raina ta alhali ita ce rabin gad.
Wani abu kuma, in ka ji zai ɓalle maka ƙafa kar ka tsaya matsewa har cinya ta gaji, ka buɗe da kanka ka ɗora tafin ƙafa a ƙugunsa ka riƙe hannun riga. A dokar IBJJF, hukumar da ke shirya manyan gasannin jujitsu, tsallake gad maki 3 ne amma sai ya danne ka daƙiƙa 3 cur kafin a ba shi, to cikin daƙiƙun nan ake ƙwatar kai, ba bayan ya zauna daram ba.

Mai Ƙarfe Kwaɗo:
Ni dai ban yarda a ce ƙarfi ba komai ba ne, in dabara ta zo ɗaya mai ƙarfi ne ke ci, shi ya sa ma ake raba gasa da nauyi. Sai dai kai kilo 78 da kokawa a jiki ba shi ne ciwonka ba. Sau biyu a sati ya isa: tsugunno da nauyi, ɗago ƙarfe daga ƙasa, jan jiki a sanda, ka rataya tawul a sandar don yatsu su saba riƙon riga.
Garin furotin kuwa ajiye kuɗinka malam. Masu atisaye ana ƙiyasta masu wajen giram 1.6 a kowane kilo, kai ke nan kusan 125 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6, giram 100 na busasshen wake ya haura 20, gyaɗa ma haka. Ƙosai da koko da safe da ƙwai biyu, garau-garau mai wake da yawa da rana, awara, ƙuli-ƙuli a aljihu, fura da nono bayan atisaye, tsire ko kifi in hali ya yi. Kar dai ka ci tuwo ka hau katifa, ka ba shi awa biyu zuwa uku. Ruwa kuma tun safe ake sha, zafin Afrilu a garin nan yana wuce 40, in fitsarinka ya yi ja-ja-ja to a bushe ka shiga wasan, dole ka mutu a minti ɗaya. Ku riƙa goge katifar nan kuma, makero ba ya da kunya a wurin zufa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na gwada tokarewa da sangali da kwanciya bisa gefe, yaron ya tsallake sau biyu cikin minti biyar maimakon biyar ko shida, sau ɗaya ma na dawo da gwiwata ciki kafin ya zauna. Numfashin ne har yanzu nake mantawa in ya danno kafaɗa. Yaya Badauri, minti biyun nan na dannewa, da dukkan nauyinsa yake kwanta maka ko a hankali kuka fara?